Ranar da Aka Sa wa Rijiyarmu Nakiya

Gidanmu a da gida ɗaya ne mai rijiya ɗaya. Kakanmu ne ya haƙa ta tun ba a haifi Baba ba, a ƙauyenmu da ke tsakanin Ɗanbatta da Makoɗa, inda gona ke jingine da gona, gida da gida, ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce maka sannu. Da ya rasu aka raba gidan tsakanin Baba da ƙanensa, Baffa. Baba ne babba, shi aka ba zaɓi, ya ɗauki ɓangaren da ke da zaure da bishiyar darbejiya. Rijiya ta faɗa wa Baffa. Aka ja dangar kara a tsakani, aka bar 'yar kafa da muke bi mu ɗebo ruwa.

Ban taɓa gane wannan zaɓi ba. Ba a shan zaure. Na taɓa faɗa wa Inna haka, ta ce in rufe mata baki kafin wani ya ji.

Shekarar da na gama sakandare ita ce ta biyu da damina ta yi mana rowa. Gero ya fitar da kai bai yi ido ba. Rijiyoyin unguwa suka riƙa ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma zaman ɗar-ɗar da ake yi a lokacin, hanyar Kano duk shingen sojoji, ko taya ce ta fashe a bakin titi sai ka ga mutane sun watse sun bar takalmansu. Ni kuwa ina zaune a gida ina jiran sakamakon jarrabawa, don haka ɗiban ruwan gidanmu kaf ya dawo kaina.

Rijiyar kakanmu ce kaɗai ba ta ƙafe ba. Ruwanta ya ja baya sosai, sai da aka ƙara wa igiya tsawo, amma kullum da safe za a tarar ya taru. Matan unguwa duk nan suke zuwa. Matar Baffa, wadda muke kira Umma, ita ke tsara layi: a ɗiba da safe, a bar rijiya ta huta, a dawo bayan la'asar. Ba ta taɓa hana kowa ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Wata rana dai na tara wanki, na yi ta zura guga, sai ta ce mini, "'Yar nan, ki rage wa na bayanki." Shi ke nan abin da ta ce. Ni ban ma ji haushi ba, don gaskiya ta faɗa. Amma Inna na bayan danga tana tankaɗe, ta ji, da Baba ya zauna cin tuwo ta maimaita masa da irin muryarta. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da mai haƙa rijiya.

Mutumin ya zagaya tsakar gidanmu yana duba ƙasa, ya zo jikin danga ya tsaya. Ya ce jijiyar ruwa ba ta san iyakar gado ba, inda ta ba wancan gida nan za ta ba wannan. Ya zana da'ira da ƙafarsa. Kusancin wurin da tsohuwar rijiya, in kina bakin wannan za ki iya miƙa wa wadda ke bakin waccan guga ta saman danga.

Baba ya sanar da Baffa bayan sun fito daga masallaci. Sanarwa ce, ba shawara ba, don a wurinmu wa ba ya neman izinin ƙane. Baffa ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam." Haka yake kiran Baba.

Aka wuce jar ƙasa, aka wuce marmara, aka kai wata tsakuwa mai danshi. Inna har ta fara zancen inda za ta shuka yakuwa. Sai wata safiya muka ji diga ta yi ƙara irin wadda ba ta taɓa yi ba, mai haƙa ya ɗago kai daga ƙasa ya ce a ja shi sama. Dutse ne, shimfiɗaɗɗe, baƙi-baƙi, ya cika gindin ramin bango zuwa bango. Ya gwada dabarar da ya sani: aka zuba itace da tsoffin tayoyi aka cinna wuta, dutsen ya yi zafi, aka kwara masa ruwa don ya tsage. Ruwan kuma ni na ɗebo shi, daga rijiyar Baffa, a gaban idon matan da ke layi. Ɓawo kawai dutsen ya yi. Mutumin ya tattara kayansa ya ce wannan sai nakiya, shi kuwa ba aikinsa ba ne.

A nan Yaya ya shigo zancen. Shi ne babban wanmu. Ya yi shekaru can yamma wajen haƙar zinare, ya dawo lokacin da hanya ta lalace, ba zinare, sai tari da kunne ɗaya da ya yi nauyi. Tun dawowarsa yake zaune a gindin darbejiya kamar baƙo, in an yi masa magana sai ya juyo da kunnen da ke ji. Ranar da ya ji an ambaci nakiya, ranar na fara ganin ya miƙe da sauri. Ya sa aka zura shi cikin ramin, ya riƙa ƙwanƙwasa dutsen da guduma yana kasa kunne.

"Da wane kunnen kake saurare?" na tambaye shi daga sama.

"Da wanda ba ya jin surutunki," ya ce.

Da yamma yana wasa bakin dogon ƙarfen da zai huda dutsen da shi, na zauna kusa na ce ya gaya mini yadda abu ɗan ƙarami zai fasa abin da wuta ta kasa. Malama yake kirana in yana son tsokana, saboda na yi boko. Ya ce to Malama ta buɗe littafi.

Ya ce mutane na zaton nakiya ture dutse take yi, kamar yadda sa ke ture katanga. Ya ce ba haka ba ne. Bugu ne ke shiga cikin dutsen ya yi gudu. Ya tambaye ni, in Inna na daka ina tsaye nesa da turmi, ba na jin taɓarya a tafin ƙafata? Na ce ina ji. Ya ce to irinsa ne, sai dai wannan ya fi ƙarar kansa sauri. Dab da hudar da aka sa nakiyar, bugun niƙe dutse yake ya zama gari. Gaba kaɗan sai ya tsattsaga shi ta ko'ina, kamar wayoyin ƙafar keke. Amma babban aikin ba a nan yake ba. Sai bugun ya je inda dutse ya ƙare iska ta fara, ya rasa abin da zai bi, ya juyo. A tafiya matsa dutse yake, a dawowa jansa yake.

"Shi kuwa dutse," in ji shi, "ki ɗora masa duniya zai ɗauka. Ki ja shi, sai ya rabu."

Daga nan hayaƙin ya kutsa cikin tsagogin ya buɗe su, dutse ya zube. Shi ya sa a wurin haƙarsu kullum fuska suke nema, wato gefen dutsen da ke buɗe. In sun bi farar jijiyar da zinare ke ciki, sai su huda bayanta kaɗan, bugun ya je fuska ya dawo ya ɓalle ta gaba ɗaya, su kwashe su kai injin niƙa.

Na ce ai amsa-kuwwa ce, mun yi a Fiziks. Ya ce ku kun yi a allo, mu mun yi da kunnuwanmu. Na tambaye shi ina fuskar dutsen da ke gindin rijiya. Ya ce sama kawai. Na ce to bugun da ya yi gefe da wanda ya yi ƙasa fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce ya tafi ke nan, ƙasa ta shanye. A dajin da ya yi aiki ba wanda ya taɓa tambayar inda ya tafi, don ba kowa a gefen sai ƙaya da wasu ramukan. Amsar ta ishe shi, ta ishe ni, ta ishi Baba da ke alwala yana jinmu.

Nakiyar daga hannun wani abokinsa ta fito, mai aiki inda ake fasa dutse a yi tsakuwar gini. Ban tambayi yadda aka yi ta iso ba. Baba ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce shi bai ji ba bai gani ba, abu ɗaya kawai: kada ƙara ta kai bakin titi, in ta kai, mazan unguwar nan kaf a bayan mota za su kwana. Baba ya dawo ya kafa wa Yaya wannan sharaɗi. Yaya ya ce a can wurin haƙar zinare ihu suke yi kowa ya gudu, ba ruwansu da ƙara, bai taɓa yin marar ƙara ba. Amma ya ce zai yiwu. Zai zurfafa hudar fiye da yadda ya saba, ya danƙare bakinta da yumɓu, a rufe ramin da tsohon ƙyaure da buhunan yashi.

Ya yi kwanaki a ƙasa yana bugun ƙarfe yana juya shi. Ni ke zura masa kunu a cikin guga. Da safe in na je ɗiban ruwa gidan Baffa, sai mu riƙa jin bugun yana fitowa daga cikin tsohuwar rijiya, tas-tas, har ya fi yadda ake jinsa a tsakar gidanmu. 'Yan mata suka mai da abin wasa, wai aljanin rijiya ya koyi ƙira. Umma ba ta yi dariya ba. Na ɗauka halinta ne.

Ranar kasuwar Ɗanbatta aka zaɓa, da hantsi, lokacin da unguwa ta yi sauƙin mutane. Aka fitar da mu mata da yara da awaki zuwa gonar bayan gida, har da mutanen gidan Baffa. Shi Baffa ya zauna a kan kunya yana jan carbi, bai dubi kowa ba. Yaya ne ya fito ƙarshe.

Ƙasa ce ta fara dukan tafin ƙafata, duka ɗaya mai ƙarfi har cikin haƙora. Sannan ƙarar ta iso, ita kuwa ba ta fi a jefo buhun gero daga kan amalanke ba. Tattabaru suka tashi, danga ta yi rawa ta tsaya. Muka jira ko za a ji wani motsi daga titi, shiru. Baba ya yi hamdala, har ya dafa kafaɗar Yaya, abin da ban taɓa gani ba. Yaya dai fuskarsa ba ta sake ba. Ya ce shirun ya yi yawa.

Sai washegari ya sauka, bayan hayaƙi ya fita. Dutsen bai tashi ba. 'Yan kwanuka kaɗan na ɓaraguzai aka jawo, sauran yana nan kwance, ya tsattsage kawai. Hudar ta yi zurfi, bugun bai samu ya kai sama ya dawo da ƙarfinsa ba, sai ya bi gefe da ƙasa. Amma ta cikin tsagogin ruwa na tsattsafowa, har ya rufe masa idon sawu. Inna ta yi guɗa. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba, wuyana ya gaji da tulu.

A wannan safiyar gugan Umma ya fito rabi, ruwan ja kamar an dama ƙasa. Aka ce girgiza ce ta tayar da laka, zai kwanta. Kashegari ya fito da ƙasa da haka. Ruwan da muke murna da shi a raminmu, nasu ne ya biyo tsaga ya leƙo mu. Bai ma zauna ba. Kafin kasuwa ta zagayo, guga a rijiyoyin biyu dutse yake bugawa ya dawo a bushe.

Yaya ya nemi izinin Baffa ya sauka tsohuwar rijiya. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya zauna a bakinta, laka har gwiwa, ya ce dutse ɗaya ne da namu. Kakanmu bai fasa shi ba, a kansa ya zaunar da rijiyar. Wurin ya ɗan lotsa kamar ƙwarya, ruwan da ke tsiyayowa daga tsakuwar sama nan yake taruwa, shi ya sa ba ta ƙafewa. Yanzu ƙwaryar ta tsage, tsagar har tana cin gefen hannu, in ka kasa kunne kana jin ruwa na zurarewa ƙasa. Ya liƙe da siminti, ya liƙe da yumɓu. Ruwan ya samu wasu hanyoyin da ido ba ya gani.

Daga baya Umma ta faɗa wa Inna, ni ina wurin ina tsince wake, cewa tun ranar da aka fara jin bugun guduma a cikin rijiyarsu Baffa ya daina barcin kirki. Ya gane dutse ɗaya ne. Ta ce masa ya je ya yi magana. Ya ce da wane baki? Rijiyar ubansu tana hannunsa, shi ƙarami, sannan ya je ya ce wa wansa kada ya nemi ruwa a cikin gidansa? Cewa za a yi baƙin ciki yake. Ta ce ita za ta je, ya hana ta. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ma da ta san inda maganar da ta kai wa Baba za ta kai da ta haɗiye ta da tuwon ranar. Ni na tashi na bar musu wurin, don in na zauna zan faɗi abin da ba a faɗa wa manya.

Unguwa guda ta koma bin rijiyar burtsatse ta makarantar firamare a ƙauyen gaba. Tafiya ce mai cin safiya, ga layi, ga rana. In na iso sai in ji ana cewa a matsa wa 'yan gidan injiniya. Wata ta tambaye ni ko mun zo da sauran nakiyar ne, a kwashe yara. Na ba ta amsa daidai da ita, na ce ruwan da ta sha shekara da shekaru kyauta ko godiya ba ta taɓa yi ba. Amma akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ba ta da mai ɗebo mata, da can da 'yar ƙwaryarta take lallaɓowa gidan Baffa. Ita ba ta taɓa ce mini komai ba. Ita ce ban iya haɗa ido da ita ba, sai dai in zuba mata rabin tuluna in wuce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a yi faɗa ba. Da an yi, da kowa ya amayar da na cikinsa. Baba ya bi ta kafar danga da kansa, ya tarar da Baffa yana gyaran igiyar da ba ta da sauran amfani. Ya tsaya, ya ce, "Abin da ya faru..." Baffa bai bari ya ƙarasa ba.

"Ruwa na Allah ne, Malam. Shi ya ba da, shi ya karɓa."

"Haka ne."

Suka yi zancen takin bana, Baba ya dawo. Tun daga ranar gaisuwarsu ta ƙara tsawo, hirarsu ta gajarce.

Yaya ya so a sake sa wata nakiyar. Ya ce tunda dutsen ya riga ya tsage, yanzu yana da fuskoki da yawa, bugu na biyu zai tashe shi, kuma ruwan da ke zurarewa ai wani wuri yake zuwa, wataƙila babban ruwan yana ƙasa. Ya yi ta bin Baba da wannan magana. Ni na goya masa baya, na ce abin da ya lalace ya riga ya lalace, a ƙarasa mana. Baba ya ce ko sunan abin kada a sake ambata masa a gida. Har yau ban san wanda ke da gaskiya ba. Mai yiwuwa ruwa na nan ƙarƙashin ɗakin girkinmu, tsawon mutum ɗaya ko biyu, mai yiwuwa kuma da katangar gidajen biyu za ta bi bayan rijiyar. Yaya bai jira damina ba. Ya ce zama ya ishe shi, ya koma yamma duk da halin da hanya ke ciki. Na san ba zama ne ya ishe shi ba, wucewa ta gaban matan unguwa da tulunansu ne.

Damina ta zo da ɗan dama a shekarar. Tsohuwar rijiya ta kawo ruwa har ana ganin sama a cikinta. Umma ta hana kowa taɓawa, ta ce a bar ta ta riƙe tukuna, ko laka za ta toshe tsagar. Kullum da safe sai ta leƙa, mu ma mu leƙa ta saman danga. Muka yanke gero, ruwa na nan. Muka cire gyaɗa, ya fara sauka. Kafin a gama sussukar dawa gindinta ya fito fili, busasshe.

Namu ramin tuni aka cike shi, ba wanda ya yi ta maganarsa. Tsohuwar rijiyar ce aka rufe da itace da ƙaya, har wata rana ɗan akuyar Umma ya zurma ta gefe, da ƙyar aka ciro shi. A gidan akwai yara masu rarrafe. Da yamma Baffa ya shigo, ya durƙusa gefen tabarmar Baba, ya ce ya zo neman izini ne a cike ta.

"Rijiyarka ce," in ji Baba.

"Ta mahaifinmu ce, Malam. Kai ne babba."

Baba ya ce a cike.

Maza suka saro ƙasa daga kududdufin bayan gari, jakuna suka kawo, mu mata muka riƙa kwasa da kwanuka muna juyewa. Kwanukan farko ko ƙarar saukarsu ba a ji sosai. Ban san tana da zurfi haka ba sai da aka zo cike ta, ni da na yi shekaru ina jan igiyarta. Baba ya yi aiki tare da 'yan ƙwadago har rana ta faɗi, aka yi aka yi ya huta ya ƙi. Da ƙasa ta kawo baki aka daddaɓe ta da taɓarya, Umma ta kawo tsintsiya ta share wurin. Ya fi sauran tsakar gidan tudu kaɗan, ruwan wanke-wanke ba ya kwanciya a kai, don haka a nan take shanya kuɓewa yanzu.